Da za a riƙa ba iyaye mata kuɗi duk wata ba tare da sharaɗi ba, anya zai gyara wani abu a gidajenmu?

Maman_Ilham:

Assalamu alaikum 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah tambaya gare ni, kuma wanda zai amsa ya amsa tsakani da Allah kar a mayar min da abin raha. Musu ne ya kaure tsakanina da ƙanwar maigidana a gidan suna, ita ta kawo zancen wai a Amurka akwai garin da ake ɗaukar mata masu 'ya'ya marasa ƙarfi a riƙa tura musu dala 1,000 duk wata har shekara ta zagayo, ba a ce kawo rasit ba, ba wanda zai biyo ki gida ya ga me kika saya. Ita ta ce wannan ai koya wa mata lalaci ne, ni kuma na ce wace mace ce mai yara kika taɓa gani a zaune? Nan fa ɗaki ya rabu biyu har shinkafar sunan ta huce.

Abin da ya sa maganar ta tsaya min a rai shi ne halin da nake ciki. Muna Ɗorayi, yarana huɗu, kuma Hajiya mahaifiyar maigida a wurina take tun da ta samu shanyewar ɓarin jiki. Ni ke mata wanka, ni ke juya ta dare da rana kar bayanta ya yi gyambo, ni ke ba ta abinci a baki, pampas ɗinta kaɗai abin da yake ci a wata ba a magana. Da ina ɗinki har daga Kabuga ake kawo min kaya, yanzu keken yana nan a lulluɓe da tsohon zani saboda in na karɓi ɗinki ba na iya cika alkawari. Maigida yana iya bakin ƙoƙarinsa wallahi, amma adaidaita yake ja kuma ba tasa ba ce, kullum sai ya kai balas kafin ya ga na cefane. Ba ƙorafi nake ba, lada nake nema kuma na san akwai shi, sai dai lada ba ya hana mai kemis ya ce kuɗin magani ya ƙaru.

To shi ne nake tambaya, da gaske ana yin wannan abin ko labarin ƙanzon kurege ne? In ana yi me ya faru da matan, sun daina neman na kansu ne kamar yadda ake tsoro? Kuma da a Kano za a yi, ko dubu 20 ce a wata amma wadda kin san ranar kaza za ta shigo ba fashi, zai yi wa irinmu amfani kuwa ko mazan ne za su karɓe?

Abu_Sadiq_Kwari:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya ba Hajiya lafiya, ke kuma Allah ya sa 'ya'yanki su yi miki fiye da haka. Ba kowace mace ce za ta riƙe uwar miji haka ba a wannan zamanin.

Amma ni fa zan faɗi nawa ko za a ce na cika tsauri. A Kantin Kwari nake kuma ina ganin inda kuɗin mata yake tafiya da idona, mace za ta zo tana rantsuwa ba su ɗora tukunya ba amma ankon bikin 'yar maƙociya kala biyu za ta ɗauka, ɗaya na kamu ɗaya na yini, rabin kuɗin kuma bashi. Ka ce za ka riƙa ba ta dubu 20 duk wata ba tambaya, toh mu 'yan kasuwa mun gode, ciniki ya zo mana.

Sannan ai ba yau aka fara ba a ƙasar nan. Lokacin Buhari an yi na dubu 5 a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da dubu 10, har da kuɗin Abacha dala miliyan 322 da Suwizalan ta dawo da su aka zuba a ciki. Bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 Tinubu ya zo da na dubu 25 na wata uku wai ga gidaje miliyan 15, ba a je ko'ina ba a Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai aka tsayar da shirin ana bincike. Matsalar ba ta kuɗin ba ce kaɗai, wa zai rubuta sunayen? Kin san halinmu, duk abin da aka ce rabo ne sai ya bi ta hannun 'yan siyasar mazaɓa, bazawarar da ke lungu da marayu biyar ba ta san kowa ba ita ce ba za ta gani ba.

Ni da za a bi tawa, a kai ruwan famfo unguwanni a daina sayen jarkar 'yan garuwa, a sa magani a asibitocin sha ka tafi, makarantar gwamnati ta zama makaranta. Wannan kowa zai amfana har wanda ba shi da BVN. Ka ba mutum dubu 20 yau, gobe mai shago ya ji labari ya ƙara wa taliya kuɗi, me aka yi kenan.

Ummu_Hanif:

Maman Ilham gaskiya ƙanwar mijinki ta faɗa, abin yana nan. Garin sunansa Jackson a jihar Mississippi, shirin kuma Magnolia Mother's Trust, wata mata Aisha Nyandoro ce ke jagorantar ƙungiyar da ke yinsa. A ƙarshen 2018 suka fara da mata 20 kacal, baƙaƙen fata masu 'ya'ya da ke zaune a gidajen da gwamnati ke tallafa wa talakawa da su, dala 1,000 duk wata na wata 12, daga baya suka riƙa ɗaukar wajen mata ɗari a kowane zagaye. Kuma ba kuɗin gwamnati ba ne, na masu ba da taimako ne. Kar dai a lissafa dala 1,000 da canjin Wapa a ce sun zama hajiyoyi, a can kuɗin haya kaɗai yana iya lashe ta.

Maganar lalaci kuwa, a Stockton ta jihar Kalifoniya an ba mutum 125 dala 500 duk wata tun daga Fabrairun 2019, da shekara ta zagayo masu cikakken aiki a cikinsu sun tashi daga kashi 28 zuwa kashi 40 cikin ɗari, waɗanda ba a ba su ba kuma daga 32 zuwa 37. Abinci ne ya fi cin kuɗin, giya da taba ko kashi 1 ba su kai ba. Dalilin ba wani ɓoyayye ba ne, wanda ke aikin wuni-wuni ba ya iya barin wuni ɗaya ya je neman wanda ya fi, ranar da bai fita ba ba abinci, da ya samu abin da zai toshe wannan ranar sai ya je.

Amma ni wallahi ban ga dalilin tafiya Amurka ba, ga shi nan a maƙota. Alhaji Abu Sadiq ka ce ba yau aka fara ba kuma haka ne, sai dai ka kawo waɗanda suka yi tuntuɓe ka bar wanda aka yi da tsari. A Jigawa da Zamfara an yi wani shiri da kuɗin gwamnatin Ingila, Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar har zuwa 2019, a Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma, can kuma Anka da Tsafe. Da zarar an tabbatar mace tana da juna biyu za a fara ba ta dubu 3,500 duk wata har sai yaron ya cika shekara biyu, daga baya aka mayar dubu 4. Hannunta ake ba, ba hannun miji ba, kuma ba a ce ga abin da za ta saya ba, illa dai ana haɗawa da wayar da kai kan shayarwa zalla na wata shida da zuwa awo da irin abincin da yaro zai ci bayan nan. Masu bincike sun bi yaran shekaru, suka ga tsumburewa ta ragu da kashi 8 cikin ɗari, kuma matan sana'a suka ƙara ba raguwa ba, da yawa suka shiga kiwo da 'yar saye da sayarwa a cikin gida.

'Yar ƙanwar babata tana aure a wajen Gagarawa tana cikin waɗanda suka samu. Na je suna na tarar da ita da akuya biyu a bayan ɗaki, ta ce ta farkon da tarin kuɗin ta saya, kullum tana cire na ƙwai da ƙuli da ɗan kifi busasshe na kunun yaro, ragowar ta ƙulle a bakin zani ta jefa asusu. Abin da ya fi tsaya min a maganarta shi ne da ta ce mai shagon garinsu da ba ya ba ta bashin ko ashana, da ya san tana cikin masu karɓa sai ya koma shi ke cewa ɗauki kawai in an biya ku kya kawo. Kuɗin bai taka kara ya karya ba ko a lokacin, amma kowa ya san zai zo, ita ma ta san zai zo, shi ya sa ta iya tsara abu.

Kuma ba don a burge mata ake ba uwa ba. Meziko a shirin da suka fara a 1997 uwa suka riƙa ba, Barazil tun 2003 yawancin katin da sunan mata yake, Afirka ta Kudu tun 1998 suna biyan duk wanda yaro ke hannunsa, uwa ce ko kaka ko goggo. Sun lura wanda ke tsaye a kan tukunya shi ya san abin da ya ƙare a gidan. Batun anko kuma Alhaji, masu zuwa shagonka su ne waɗanda ke da abin zuwa Kwari, wadda ake magana a kanta ko kuɗin adaidaitan zuwa ba ta da shi, ba za ka taɓa ganinta ba.

Dalibi_Gwale:

Bismillah. Zan ɗan sa baki ta ɓangaren addini don na ga wasu suna ɗaukar abin kamar baƙo ne daga Turawa.

Malaman tarihi sun kawo cewa zamanin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, an tsara wa yara rabo daga baitul mali amma sai an yaye yaro sannan a sa sunansa. Wani dare fatake suka sauka a Madina, ya fita shi da Abdurrahman ɗan Aufu suna gadinsu, sai ya riƙa jin kukan jariri, ya je ya yi wa uwar magana ta lallashe shi, ya dawo kuka bai tsaya ba, har ya yi mata faɗa. Ita ba ta san ko wane ne ba ta ce yaye shi nake son yi da ƙarfi saboda Umar ba ya ba da rabo sai ga wanda aka yaye, alhali yaron watanninsa kaɗan ne. Da aka yi asuba sai ya sa aka yi shela cewa kar wanda ya gaggauta yaye ɗansa, daga yau duk abin da aka haifa a Musulunci yana da rabo. Ku duba fa, sharaɗi ɗaya ne aka sa da kyakkyawar niyya ya koma yana cutar da jarirai, shugaban kuma bai ce laifin uwar ba ne, sharaɗin ya cire.

Sai dai akwai abin da nake so maza 'yan uwana mu ji da kyau. Ciyarwa da tufatarwa da wurin kwana wajibin miji ne, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ɗora ciyar da masu shayarwa da tufatar da su a kan uban yaro. In gwamnati ko wata ƙungiya ta ba matarka kuɗi, nata ne, bai sauke maka komai ba, kuma ba ka da ikon taɓa ko kwabo sai da daɗin ranta. Haka nan Maman Ilham, jinyar Hajiya asali a kan 'ya'yanta take, maza da mata, abin da kike yi kyautatawa ce kuma Allah ba zai bar ki haka ba, amma ya kamata dangin miji su san cewa ba dole aka yi miki ba. In ba za su iya zuwa su karɓe ki ko kwana ɗaya a sati ba, to su yi karo-karo su yanka miki wani abu duk wata, har ita ƙanwar maigidan da ke maganar lalaci. Wannan ba sai an jira Abuja ba.

Kuma muna da Hukumar Zakka da Hubusi a jihar nan, muna da attajirai masu fitar da zakka duk shekara. Maimakon a tara mata a ƙofar gida cikin rana a ba kowa 'yar ambulan sau ɗaya, da za a zaɓi gidaje ƙalilan a san halinsu a riƙa bibiya. Yadda za a tsara hakan da hukuncinsa na bar wa manyan malamai.

Anti_Mai_Awara:

Malam Allah ya saka da alheri, wannan maganar ta miji ita na shigo in yi don ni na ga abin a gidan wata maƙociyata. Sunanta ya fito a wani tallafi, ba a yi wata biyu ba mijin ya rage kuɗin cefane daidai abin da take karɓa, in ta yi magana ya ce ba kina da albashi ba yanzu. Bai karɓe mata ba fa, ko sisi bai taɓa ba, amma a ƙarshe shi aka tallafa wa. Wata kuma ba ta da asusu sai aka sa na mijin, alat ɗin a wayarsa yake shiga, sai dai ta ji a bakin mata cewa an biya. In gidan kishiyoyi ne aka ba mai ciki aka bar ɗayar kuwa toh sai dai Allah ya kyauta. Don haka ni duk wanda zai yi irin wannan a Kano ya fara da buɗe wa mace asusu da sunanta da NIN ɗinta, katin a hannunta, lambar sirrin a kanta, kuma a tara mazan a gaban mai unguwa da liman a gaya musu abin da Malam ya faɗa yanzu.

Duk da haka in kin tambaye ni Maman Ilham, ina so, ina so ɗari bisa ɗari. Ɗana na biyu sikila ne, kin san ciwon ba ya sallama, ƙarfe biyun dare yaro zai fara ihu ƙafa ƙafa, ki dafa ruwan zafi ki gasa ki shafa man zafi ki ba da maganin da ke gida, kina kallon idonsa yana yin ɗorawa kina lissafi a zuci, kuɗin adaidaita na dare daban, kati, ruwan da za a ɗaura, allurai, in an ce jini ya yi ƙasa kuma wani sabon tashin hankali. Wallahi sau da yawa ba nisan asibiti ke sa mu jira gari ya waye ba, rashin abin da za a fita da shi ne, sai an buga ƙofar mutane. Kuma in aka kwantar da mu awara ta tsaya, waken da na jiƙa ya lalace, 'yan makarantar da ke saye a ƙofar gida su koma wurin wata, in mun dawo jarin ya tafi a magani sai in sake rance in fara daga farko. Mai jinya ba ta da hutun aiki ba ta da wanda zai riƙe mata sana'a.

Na san gwamnatin Abba ta raba wa mata 5,200 dubu 50 kowacce a matsayin jari, kuma ba na raina shi, wadda ta samu Allah ya sa albarka. Amma irina in kin ba ni dubu 50 yau aka kwantar da yaro jibi, sunan kuɗin nan tafi. Abin da nake buƙata kamar adashi ne, amfaninsa ba yawan abin da za ki ɗauka ba ne, sanin ranar ɗaukarki ne, da shi kike iya ce wa mai kemis ba ni zuwa ranar kaza kuma ya yarda. Da ina da dubu 15 ma tabbatacciya duk wata, maganin da yake sha kullum ba zai riƙa yankewa ba, gidan sauro zan sabunta tun kafin damina, kuma babbar 'yata ba za ta riƙa fashin Islamiyya tana tsaya min a kan kaskon awara ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci min rai, duk yarinyar da kuka gani da farantin talla a Rijiyar Lemo ko bakin Kurna, ku bincika a gida akwai uwar da ba ta iya fita.

Dan_BUK:

Salam iyayena. Ina goyon baya amma kar mu zuzuta abin ya wuce yadda yake, don akwai sakamakon da bai yi wa masu goyon bayan daɗi ba.

A Amurkan dai an yi wani babban gwaji mai suna Baby's First Years, mata 1,000 masu ƙaramin ƙarfi da suka haihu, wasu ana ba su dala 333 a wata wasu dala 20. Da yaran suka shekara ɗaya an ga alamar bambanci a aikin ƙwaƙwalwarsu aka yi ta murna a jaridu a 2022, amma da suka kai shekara huɗu aka sake gwada su ta fannin magana da fahimta ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Wani gwajin a Texas da Illinois da aka ba mutum 1,000 dala 1,000 duk wata na shekara uku, a 2024 sakamako ya nuna sun ɗan rage aiki da sama da awa ɗaya a sati. Ba zaman banza suka koma ba amma ragin yana nan. Ko da yake in uwa ta rage awa ɗaya a wurin aiki ta ba jaririnta ni ban san ko asara za a kira wannan ba.

Inda kuɗin ya fi nuna kansa shi ne inda talaucin ya kai ga rai. A Kenya ƙungiyar GiveDirectly ta ba gidaje sama da 10,000 dala 1,000 kowanne, binciken da ya fito a 2025 ya nuna mutuwar jarirai ta ragu da kusan rabi a gidajen da kuɗin ya same su dab da haihuwa, saboda matan sun fi zuwa asibiti haihuwa kuma sun samu hutu daga aikin wahala a ƙarshen ciki. Mu da Kenya muka fi kama ba da Texas ba. A Kenyan ne kuma aka gwada ba da kuɗi a dunƙule da ba da shi kaɗan-kaɗan na shekara biyu, na dunƙulen ya fi buɗe sana'o'i. Kenan Anti, jari da na wata-wata kowanne da ciwon da yake magani, mai lafiyayyun yara da ke son injin markaɗe jari take buƙata, mai jinya kuma na wata.

Sai lissafi, nan ne gizo ke saƙa. A ce mata miliyan ɗaya a jihar Kano, dubu 20 kowacce, biliyan 20 kenan a wata, biliyan 240 a shekara, alhali kasafin jihar gaba ɗaya na 2024 wajen biliyan 437 aka sa wa hannu. Ba zai yiwu a ba kowa ba. Abin da zai yiwu shi ne irin na Jigawa, daga ciki zuwa shekara biyu, a ƙara da masu jinyar da ba ta ƙarewa kamar sikila da shanyewar jiki da yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. Amfanin wannan ma'aunin shi ne ba kansila ne zai ce kina da ciki ko ba ki da shi ba, katin awo ne zai faɗa. Kuma dole kuɗin ya riƙa bin tsadar kaya, dubu 5 ta 2017 ba ita ce dubu 5 ta yau ba.

Abu_Sadiq_Kwari:

Toh na ji an taru a kaina. Ummu Hanif maganarki ta cewa wadda ba ta da shi ba ta zuwa Kwari na karɓa. Amma na Jigawan da kike yabo ai Turawa ne suka kawo kuɗin suka tsaya a kai, da suka naɗe tabarmarsu a 2019 fa? Ni tsorona kenan, a saba wa mace da abu ta gina rayuwarta a kai, a canza gwamnati a wayi gari babu. Kuma ɗan BUK ko katin awon ma in aka ce da kuɗi a jikinsa za ka ga tsohuwa mai jika goma da katin awo. Ni dai har yanzu ruwa da magani nake so a fara da su, Anti da za ta je asibiti ta tarar da komai kyauta ai rabin dubu 15 ɗin ba ta buƙata.

Anti_Mai_Awara:

Alhaji ko magani ya zama kyauta adaidaita ba kyauta ba ce, kuma waɗanda na baro a gida ba asibiti ne zai ciyar da su ba. A yi duka biyun mana, wa ya ce sai ɗaya.

Maman_Ilham:

Na gode ƙwarai 'yan uwa Allah ya bar zumunci, na tura wa ƙanwar tasa duka ta karanta da kanta har da na Malam, ta ga saƙon tun ɗazu ba ta ce komai ba tukuna. Na kuma nuna wa maigida ya ce ranar Juma'a in yayyensa sun zo gaida Hajiya zai tayar da maganar karo-karon, su shida ne, ko pampas da magani suka ɗauke ai an rage. Malam dan Allah in sun ce wai ai aikin matar gida ne ba sai an ba ta komai ba, me zai ce musu a taƙaice wanda ba zai jawo rigima ba, don babban yayan nasu akwai saurin hawa. Anti ke kuma in ba damuwa ki min magana ta inbos, akwai 'yar maƙociyarmu da aka ce sikila ce uwar ba ta san inda za ta fara ba.